Me ke sa Amurkawa tunanin komawa Kanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka yi zaɓe a Amurka sai in ji ana cewa wasu 'yan ƙasar za su tattara nasu ya nasu su koma Kanada. Mu da muke fafutukar neman bizar Amurka abin yana ɗaure mana kai. Me suke gudu, kuma da gaske suna tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zancen yana da tushe. A daren zaɓen Nuwamban 2016, da sakamako ya fara nuna Donald Trump ne zai lashe, shafin intanet na hukumar shige da fice ta Kanada ya tsaya cak saboda yawan masu leƙawa. Tun kafin nan ma, zamanin yaƙin Biyetnam, dubban samari sun tsallaka Kanada don gudun aikin soja na dole, sai a 1977 Shugaba Jimmy Carter ya yafe musu.

Siyasa ce ke tayar da maganar, amma abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin asibiti. Yawancin ma'aikata a Amurka ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, ranar da aiki ya tafi ita ma ta kama hanya. A 2023 mutum miliyan 26 ne ba su da inshorar kwata-kwata, kuma mai ita ma yakan biya dubban daloli daga aljihunsa kafin kamfani ya fara biya. A Kanada gwamnatin lardi ke biyan kuɗin ganin likita da kwanciya asibiti, ka nuna kati a duba ka. Ga magidanci mai yaro mara lafiya, wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Sai bindiga: harbin makarantar Uvalde a jihar Texas a Mayun 2022 ya ci ran yara 19 da malamai 2, iyaye da yawa kuwa daga nan suka fara duban arewa, wato Kanada.

Masu tafiyar fa kaɗan ne. Amurkawan da ke samun izinin zama na dindindin a Kanada kimanin 10,000 ne a shekara, cikin al'ummar da ta haura miliyan 330. Fasfon Amurka yana ba mutum ziyarar wata 6 ba biza, amma ba ya ba shi izinin aiki. Babbar hanyar mai son zama ita ce Express Entry, tsarin Kanada na zaɓar ƙwararrun ma'aikata wanda aka fara a 2015, layi ɗaya da ɗan Najeriya da ɗan Indiya. Maki ake tarawa cikin 1,200. Mai shekara 20 zuwa 29 ne ke kwashe makin shekaru gaba ɗaya, wanda ya kai 45 ba ya samun ko ɗaya. Ba'amurke ma sai ya zauna jarrabawar Turanci, IELTS ko CELPIP, a tantance takardun karatunsa, ya kuma nuna kusan dalar Kanada 15,000 a banki idan shi kaɗai ne. Wanda aka taɓa yanke wa hukuncin tuƙi cikin maye na iya cin karo da ƙofa a rufe, domin tun Disamban 2018 Kanada ke ɗaukarsa babban laifi. Ga shi an rage guraben zama na dindindin: 395,000 aka tsara wa 2025, maimakon 500,000 da aka yi niyya da farko.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka, Kanada da Meziko, wadda ke ba injiniyoyi, akantoci da wasu ƙwararru izinin aiki na wucin gadi, matuƙar wani kamfani ya riga ya ɗauke su.

Wanda ya isa ma da sauran rina a kaba. Gidaje a Toronto da Vancouver sun yi tsadar gaske, albashi a sana'o'i da dama bai kai na Amurka ba, a wasu larduna sai ka jira kusan wata 3 kafin katin lafiya ya fara aiki, samun likitan iyali kuma yana da wuya. Sannan Amurka na bin ɗan ƙasarta da takardar haraji duk inda yake zaune a duniya.

Shi ya sa waɗanda suka yi ritaya, da ba su da makin shekaru, suka fi karkata kudu, zuwa Meziko. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙiyasta 'yan ƙasarta miliyan 1.6 ne ke zaune a Meziko, inda abin da ake nema a ba ka izinin zama shi ne shaidar kuɗin shiga ko ajiya a banki, kuma fansho ɗinka ya fi auki a garuruwa irin su San Miguel de Allende da gefen tafkin Chapala.