Tambaya da Amsa: A Girinland ma ana galamsey ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook na wani kogi a Girinland, babban tsibirin nan na ƙanƙara da ke can arewacin duniya, ruwan ya gurɓace toka-toka, ga shi babu gari babu kowa a wurin sai ƙanƙara. Mu nan mun san galamsey, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, shi ne ya ɓata mana kogunan Offin da Pra a Gana, to su wa ya dama musu nasu? Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Babu mai haƙar zinari a wurin, aikin ƙanƙarar ne da kanta. Kaurinta a tsakiyar Girinland ya kai kilomita 3, kuma ba a tsaye take ba, tana jan ciki a hankali da duwatsu maƙale a ƙarƙashinta tana gurzar dutsen ƙasa kamar dai dutsen niƙa, har ya koma gari mai laushin da ko kin murza a yatsa ba za ki ji tsakuwa ba. In zafinsu ya shigo wajen Yuni zuwa Agusta sai narkakken ruwa ya bi ta ƙasa ya kwaso komai, tsakuwa da yashi su ne ke fara zama shi ya sa kogin yake rarrabuwa yana sauya hanya, garin dutsen kuwa ba ya kwantawa da wuri sai ya dangana da teku, shi ne ke mai da ruwan toka-toka. Da la'asar ma ruwan ya fi na safe yawa da dauɗa, tunda rana ta wuni tana narkarwa.

Kuma ba ɗan kaɗan ba ne fa. Wani bincike na 2017 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na lakar da kogunan duniya ke kaiwa teku daga Girinland take fitowa. A Yulin 2012 kogin Watson na can Girinland ya cika har ya karya gadar garin Kangerlussuaq.

Abin da ya fi burge ni, wannan garin dutse ya zo har Gana. Masanin duwatsu ɗan Girinland, Minik Rosing, da masana na Jami'ar Gana sun gwada shi a gonar masara, amfanin ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100, don ƙasarmu ta tsufa ruwan sama ya wanke sinadaranta, shi kuma sabon niƙa ne. Sai dai kar manoma su fara murna tukuna, kuɗin jirgin ruwa daga can zuwa tashar jirgin ruwa ta Tema ba wasa ba ne.