Amsa ga mai shirin zuwa Farin Ruwa daga Katsina

Ɗan'uwa, ka tambaya wane lokaci ya fi dacewa ku je ganin Farin Ruwa na Wamba, ruwan nan mai faɗowa daga kan dutse, da abin da za ku riƙa. Ku bari sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. A Agusta ruwan ya fi cika, amma hanyar ƙauyen duk laka ce, mota na kafewa, feshin ruwan kuma ba zai bari ku matsa kusa ba. A Maris kuwa ya riga ya janye, sai ku sha doguwar tafiya ku tarar da abin da bai kai labarinsa ba.

Kada ku ce za ku kai a yini ɗaya. Ku kwana a Jos, ku yi sammako ku gangara Hawan Kibo, direba ya sa ƙaramin giya, kada ya dogara da birki kaɗai don yana ɗaukar zafi ya saki. Ku bi ta Akwanga zuwa Wamba a jihar Nasarawa. Can ku tambayi halin tsaron hanya a ranar, ku gaida mai gari, ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora. Ƙarshen tafiyar a ƙasa ake yin ta, cikin kurmi.

Ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Ruwan daga tsaunukan Filato yake zubowa, ƙasar da ke da tsoffin duwatsun aman wuta kamar na Panyam da Kerang, kuma yana faɗowa daga tsayin kusan mita 150. Ana iya tafka ruwan sama can bisa alhali inda kuke rana ce fetal. Mu da muka saba da kogin yashi irin na nan gida mun san yadda ruwa ke zuwa ba sallama, to na kan dutse ya fi sauri. Da zarar farin ya fara komawa ja-ja, ko kuka ga ganye da karare suna tahowa, ko ƙarar ta ƙaru, ku hau tudu nan take, ko da an bar kaya a baya.

Dutsen da ya yi duhu yana sheƙi, gansakuka ce a kansa, ta fi sabulu santsi. Silifas da takalmin fata ba su da wurin zama a nan, kambas mai gurzajjen ƙasa ake sawa. Masu ɗaukar hoto su suka fi faɗuwa, saboda suna ja da baya ba su duba ba.

Kowa ya riƙe ruwan sha lita 2, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da leda don waya. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙananan ƙudajen bakin rafi masu cizo. Babbar riga a bar ta a mota, ƙaya za ta yage ta. Ku juyo kafin la'asar, don duhu na riga shiga kurmi tun rana ba ta faɗi ba.