Tambayoyinku: Me Ake Yi a Cikin Haikalin 'Yan Mormon?

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan abu ɗaya suka tsaya: haikalin cocin nan da aka fi sani da Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, hedikwatarsa kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah. Tun 2018 shugabanninsa suka roƙi a daina kiran su Mormon, a riƙa faɗin cikakken sunan cocin, wato Church of Jesus Christ of Latter-day Saints, amma da wannan suna masu tambaya suka san su, shi ya sa muka bar shi. Akwai wasu kalmomi da alamun hannu da mambobi suka yi alkawarin ba za su furta a waje ba. Ba za mu buga su ba, don girmama masu wannan imani, kuma amsoshin ba su rataya a kansu ba.

Tambaya: Ɗana ya shiga wannan coci a Abuja shekara biyu da suka wuce. Yanzu ya ce zai tafi Aba ya shiga haikali kafin a tura shi wa'azi. Na tambaye shi me ake yi a can, ya ce ba a faɗa. Hankalina ya tashi. Ba ƙungiyar asiri ba ce kuwa? (Wata uwa daga Jos)

Amsa: Mama, ki kwantar da hankali, mafi yawan abin ana faɗarsa, cocin ma ya wallafa shi a littafin ƙa'idojinsa da ke intanet. Yaron ne bai san inda iyakar take ba, sai ya rufe baki gaba ɗaya. Sababbin mambobi da yawa haka suke yi, kuma wannan shirun ne ke jefa iyaye cikin zargi.

Ki fara bambanta gini biyu. Akwai majami'ar da suke sujada ranar Lahadi, kowa na iya shiga. Haikali daban yake, ranar Lahadi ma a rufe yake, kuma ba a shiga sai da katin izini. Na Aba an keɓe shi a watan Agustan 2005, na Akara a Gana a Janairun 2004, an kuma sanar da shirin gina wasu a Legas da birnin Benin da Abuja.

Kafin ɗanki ya samu katin sai ya zauna ganawa biyu, ɗaya da bishop ɗinsa, ɗaya da shugaban yankin cocin. Za a tambaye shi imaninsa, ko yana kiyaye kansa daga zina, ko yana biyan ushirin abin da yake samu, wato kashi ɗaya cikin goma, ko ya bar giya da taba da kofi da baƙin shayi. Katin shekara biyu yake yi a sabunta. Dole ya kai shekara 18, ya kuma cika shekara ɗaya cur da zama mamba.

A ranar, zai sa fararen kaya tun daga sama har ƙasa. Matakin farko wanki ne da shafewa da mai, kwaikwayon yadda aka keɓe Haruna a Littafin Fitowa sura 40. A yau abin alama ce kawai: yana zaune da kayansa a jiki, a taɓa kansa da ɗan ruwa, sannan da mai, a yi masa addu'o'in albarka. Maza ke yi wa maza, mata su yi wa mata. Za a ba shi sabon suna, a kuma umurce shi da sa wasu fararen tufafin ciki, 'yar riga da gajeren wando zuwa gwiwa, waɗanda zai riƙa sawa ƙarƙashin kayansa har ƙarshen ransa.

Daga nan sai babbar ibadar, wadda ma'anar sunanta baiwa. Ana zama a ɗaki, maza gefe guda, mata gefe guda, a nuna labarin halitta da na Adamu da Hauwa'u da Shaiɗan a majigi. An fara amfani da majigin ne a 1955 a haikalin Suwizalan, saboda masu zuwa harsunansu daban-daban ne. A cikin zaman ake ɗaukar alkawura biyar: biyayya ga Allah, sadaukarwa, bin bishara, tsarkin aure, da miƙa lokaci da dukiya ga aikin Allah da na cocin. Wannan na ƙarshen shi ya kamata ki zauna da ɗanki a kai, don nauyinsa ba kaɗan ba ne. Ana ƙarasawa a gaban wani labule, mutum ya amsa tambayoyi, ya wuce zuwa wani ɗaki mai haske da kujeru masu laushi da ke wakiltar zama a gaban Allah. Babu jini, babu yanka, babu abin da ake ba mutum ya ci ko ya sha.

Zancen asiri kuwa yana da tushe, ba za mu ɓoye miki ba. Joseph Smith ya shiga ƙungiyar Freemason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka mai rantsuwa da alamun sirri, a watan Maris na 1842, ranar 4 ga Mayu kuma ya fara koyar da wannan ibada ga mutum tara a saman shagonsa a garin Nauvoo. Kamannin alamun ɓangarorin biyu a fili yake, masana tarihin cocin ma sun yarda da shi. Masu imani suna cewa salon koyarwa ya aro, saƙon wahayi ne. Masu suka suna cewa aron ya wuce salo.

Tambaya: Na shiga haikali karon farko wata uku da suka wuce. Kowa ya ce mini zan ji salamar da ban taɓa ji ba. Ni kuwa tsoro da ruɗani na fito da su, har na yi kuka a mota. Ina jin kunyar faɗa wa kowa. Laifina ne, ko imanina ne bai kai ba? (Wata matashiya, ba ta faɗi garinsu ba)

Amsa: 'Yar'uwa, ba laifinki ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Wannan yana cikin abubuwan da mambobi suka fi ba da labari game da shigarsu ta farko, har waɗanda daga baya suka zama masu zuwa kowane mako.

Dalili na farko, sujadarku ta Lahadi ba ta da ado. Babu rigunan limamai, babu turare, waƙa ce da addu'a da jawabin ɗan'uwa daga cikin jama'a. Wanda ya saba da wannan, rana ɗaya sai ya ga kansa da mayafi a kafaɗa, ɗamara a ƙugu, ɗan koren zane mai zanen ganyen ɓaure a gaba, maza da farar hula, mata da lulluɓi, ana ɗaga hannu ana amsawa baki ɗaya, ana kewaye bagadi ana maimaita addu'a bayan mai jagora. Dole ya ji kamar wani addini ya shigo. Ajin shiri da ake yi kafin tafiya ya fi tsayawa a kan ma'ana, bai cika bayyana abin da ido zai gani ba, masu koyarwa kuma suna tsoron kada su faɗi abin da bai halatta ba, sai su rage fiye da kima. A ganinmu nan ne babban kuskuren yake. Cocin da kansa ya fitar da bidiyo a 2014 yana nuna waɗannan tufafi, don haka babu hujjar a bar mutum ya fara ganinsu a jikinsa.

Na biyu, hidimar jiki tana cinye hankali. Mai shiga karon farko yana fama da wace kafaɗa mayafin zai hau, ina ɗaurin ɗamara zai faɗa, kada ya manta sabon sunansa, kada ya yi tuntuɓen harshe a gaban labule. Ana ba shi ɗan rakiya da ya riga ya shiga, ma'aikata kuma suna raɗa masa kalmomin idan ya manta, amma wanda ba a gaya masa haka tun a gida ba sai ya ɗauka jarrabawa ce da za a iya faɗuwa.

Na uku ya fi nauyi. Akwai wurin da ake cewa duk wanda bai shirya ɗaukar alkawuran ba yana iya fita. Shekaru da yawa ana faɗar wannan kafin a bayyana alkawuran. Ga iyaye da dangi a zaune, ga ranar aure ko ranar tafiya wa'azi an riga an tsayar, wa zai miƙe? Mutane da yawa sun ce sun amsa ne ba don sun gama yarda ba. Gyaran da aka yi a 2023 ya sa ana jero alkawuran tun a farko, kuma gyara ne mai kyau.

Ki sani kuma ibadar ta sha canji, yawanci a daidai wuraren da suka fi damun mutane. A 1990 aka cire alamun hukunci, inda ake kwaikwayon irin mutuwar da mai tona sirri ya amince ta same shi, aka kuma cire wani ɓangare da ke nuna mai wa'azin wata ɗarika yana yi wa Shaiɗan aiki. A 2005 aka rage taɓa jiki a wankin farko. A Janairun 2019 aka cire alkawarin da mace ke yi na sauraron mijinta, aka daina sa mata rufe fuska lokacin addu'a. Shi ya sa idan dattijuwar da ta shiga a 1985 ta ba ki labari, za ki ji kamar ba wuri ɗaya kuka je ba.

Bayan karon farko mutane suna rabuwa. Wasu suna komawa, da yake kowace shiga ta gaba a madadin wani mamaci ake yin ta, hankali ya kwanta, su fara jin daɗin shirun wurin da fararen kayan da suka daidaita mai kuɗi da talaka. Wasu suna ci gaba da zuwa coci amma su yi nesa da haikali. Wasu kuma daga nan hanyarsu ta fita take farawa. Shawararmu, ki sami mace ɗaya da kika amince da ita wadda ta daɗe tana shiga, ki faɗa mata ainihin abin da ya tsorata ki. Idan za ki koma, ki je ranar da babu biki, babu mai jiran ganin fuskarki a ƙofa. Idan ba ki shirya ba, babu dokar da ta sa miki ranar komawa.

Tambaya: Gaskiya ne da can ba a barin baƙar fata ya shiga? (Wani ɗalibi a Zariya)

Amsa: Gaskiya ne. Daga zamanin Brigham Young, magajin Joseph Smith a shugabancin cocin, wanda ya bayyana dokar a 1852, har zuwa watan Yunin 1978, ba a naɗa baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka a matsayin firist, kuma maza da matansu ba sa samun ibadar baiwa ko ɗaurin aure a haikali. Shugaban cocin na lokacin, Spencer Kimball, ne ya sanar da ɗage dokar, kafin shekarar ta ƙare masu wa'azinsu suka iso Najeriya da Gana. A 2013 cocin ya fitar da bayani yana nesanta kansa da tsofaffin hujjojin da aka riƙa kafawa, irin su cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Akwai mambobin da wannan ya wadatar da su, akwai waɗanda har yau suke jiran a nemi gafara a fili.

Tambaya: 'Yata za ta auri ɗan wannan coci, ita ma ta shiga. An ce mu iyayenta ba za mu ga ɗaurin auren ba. Yaya za a aurar da 'yar mutum yana waje? (Wani uba daga Kaduna)

Amsa: Baba, ɓacin ranka a kan hanya yake, kuma wannan doka ta raba zukatan iyalai da yawa a Amurka ma. Abin da ake yi a ciki gajere ne, bai cika wuce minti 20 ba. Ango da amarya suna durƙusawa a gefe biyu na bagadi, su riƙe hannu, mai ɗaurin ya furta cewa an haɗa su na duniya da na har abada. A ɗakuna da yawa akwai madubai biyu da ke fuskantar juna, ma'auratan su ga surarsu tana ta maimaituwa ba iyaka. Babu kiɗa, babu hoto, kuma baligi ba ya shiga sai mai katin izini wanda ya riga ya karɓi ibadar baiwa.

Amma akwai mafita. Da can a wasu ƙasashe, wanda ya fara ɗaura aure a waje sai ya jira shekara ɗaya kafin a hatimce auren a haikali. A watan Mayun 2019 aka soke wannan jira, dalilin da aka bayar kuwa shi ne kada a ware dangi. Don haka ka kira su biyun, ka nemi a fara yin na gargajiya da na rajista a gabanka da sauran dangi, da waliyyai da shaidu yadda aka saba, sannan su tafi Aba. Wannan bai saɓa wa dokar cocinsu ba ko kaɗan. Idan wani ya ce musu yin haka ragin daraja ne, tsohuwar doka yake riƙe da ita.

Tambaya: Ƙanena ya ce zai kai sunan kakanmu da ya rasu a yi masa baftisma. Kakanmu a kan addininsa ya mutu. Yana da wannan ikon? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Malam, ga yadda abin yake. Ba a taɓa kabari ko gawa. Rayayyen mamba ne ke shiga wani kwarmin ruwa da aka ɗora a kan siffar shanu 12, kwaikwayon tafkin tagulla na haikalin Sulemanu, a nutsar da shi a ambaci sunan mamacin. Hujjarsu 1 Korintiyawa 15:29 ce, sauran ɗariku kuwa ba su fassara ayar haka ba. Yara ma suna yi tun daga shekarar da za su cika 12. A koyarwarsu tayi ne kawai, mamacin yana da zaɓin karɓa ko ƙi, kuma ba a lissafa shi cikin mambobi.

Duk da haka mutane da yawa suna jin an taɓa mutuncin mamatansu. Yahudawa sun yi ƙorafi mai ƙarfi da aka gano an sa sunayen waɗanda 'yan Nazi suka kashe, har aka yi yarjejeniya a 1995 a daina. Dokar cocin ta ce mamba ya kai sunayen danginsa kawai, kuma idan an haifi mamacin cikin shekara 110 da suka wuce, sai da izinin ɗaya daga makusantansa da ke raye: mijin ko matar, ɗa ko 'ya baligai, iyaye, ko waɗanda suke ciki ɗaya da shi. Jika ba ya cikin wannan jeri. Idan kakanku ya faɗa cikin waɗannan shekaru, ƙanenka ba shi da ikon kai sunan sai ya sami amincewar kakarku idan tana raye, ko ɗaya daga cikin 'ya'yan kakan, ko wanda suke ciki ɗaya da shi. Ka tara su ku yi maganar kafin ya shigar da sunan a FamilySearch, shafinsu na intanet na tarihin dangi.