Tambaya da amsa: Jaka 20 gare ni, wane kayan hawan dutse zan saya ma ƙanina?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ƙanina ya kamu da son hawan dutse, kusan duk Lahadi yana dutsen Tinguelin nan kusa da Garwa a Kamaru shi da abokansa, kuma suna shirin zuwa Rumsiki a hutun ƙarshen shekara. Ina so in mai kyauta amma takalmin da ya nuna min a intanet kuɗinsa ya fi albashina. Jaka 20 ta sefa nake da ita, dan Allah me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya bar zumunci. Kar tsadar nan ta tsorata ki, yawanci abin da ke sa takalman nan tsada shi ne Gore-Tex, wani shafi ne a ciki da ke hana ruwa shiga, an yi shi ne dan masu tafiya cikin ruwan sama da ƙanƙara, mu kuwa daga Nuwamba har Maris ko ɗigo ba ya sauka, zafi kawai zai ƙara ma ƙafa.

Rabin kuɗin ki sa a takalmi. Ki je wajen 'yan gwanjo ki nemi kambas mai kaurin ƙasa da zane mai zurfi, ki lanƙwasa shi ki duba ko gam ya fara buɗewa. Kuma ki tafi da shi ya gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, dan a gangara ne yatsu ke bugun takalmi har farce ya yi baƙi. Nasan kina so ya zama bazata amma wlh gara ya sani da takalmi ya ci mai ƙafa a tsakiyar dutse. Ya yi sati 2 yana yawo da shi kafin tafiyar. Safa kuma irin ta 'yan ƙwallo, ta auduga tana riƙe gumi.

Sai ruwa. Gorar roba 2 masu lita ɗaya da rabi, a naɗe su da tsumman buhu a jiƙa irin yadda direbobi ke yi, iska na bugawa ruwan na sanyi. Ki haɗa masa da gishirin ORS na maida ruwan jiki daga famasi, ƙunshi 1 a lita 1.

Rumsiki ta haura mita 1000 a sama, sanyin dare a Disamba ba irin na Garwa ba ne, to rigar sanyi ta gwanjo dole. Sandunan ƙarfen nan na Turawa ki manta da su, sandar makiyaya ta isa. Canjin da ya rage tocilan goshi, malfa, man kaɗe dan faso, dabino da kilishi a jakarsa ta makaranta.

Abu ɗaya da nake roƙo, yankin yana bakin iyakar Najeriya, in sun isa garin Mokolo a kan hanyarsu su tambayi halin tsaro kuma su ɗauki ɗan gari ya musu jagora, ki ware jaka 2 ko 3 ki ba shi a hannu saboda wannan.