Kwangilar kula da tashoshin janye ruwan sama: in shiga ko in haƙura?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya: "Ina sayar da injinan tura ruwa da janareta da kayan gyaransu, ina kuma da kanikawa biyu. Hukumar birninmu ta tallata kwangilar shekara 3 ta kula da tashoshin da ke janye ruwan sama daga unguwannin da ke cikin kwari, har da sa ido a kansu dare da rana. In shiga ko in haƙura?"

Alhaji, shawarata ita ce ka shiga, amma kada ka rubuta farashi sai ka taka kowace tasha da ƙafarka.

A shago, mutum ya kawo inji ka gyara, ya biya, ya tafi. A wannan aiki kuwa, abin da hukuma take saya a hannunka zaman ko-ta-kwana ne. Injinan suna iya shafe watanni a kashe lokacin rani, sai dare ɗaya sama ta ɓalle a buƙace su duka lokaci guda. Zaman nan ne yake kashe su. Yashi da laka su cika ramin da ruwa ke taruwa, leda da tsummoki su toshe ragar ƙarfen bakin ramin, farfela ta cije, batirin janareta ya mutu, dizal ya lalace a tanki. Akwai wata 'yar roba mai yawo a saman ruwa wadda ke kunna inji in ruwa ya hau. Tsumma ɗaya ya naɗe ta, ruwa zai cika ramin ya malala titi, alhali injin lafiyarsa ƙalau. Ga shi kuma wutar lantarki ta fi ɗaukewa a daidai lokacin hadari.

A watan Agusta na 2017 ruwa ya mamaye unguwanni a birnin New Orleans na Amurka. Da farko jami'ai sun ce injinan duka suna aiki, daga baya ta bayyana cewa wasu a lalace suke, har shugaban hukumar ruwan ya bar kujerarsa. In ka karɓi kwangilar nan, tambayar da aka yi wa waɗancan jami'ai kai za a yi wa: wane inji ne ya tashi, da ƙarfe nawa, wa ya duba shi na ƙarshe?

Saboda haka, kafin ka sa hannu ka nemi a zagaya tashoshin tare da injiniyan hukuma. A kunna kowane inji a gabanku, a auna wutar da yake ja, a gwada janareta da nauyin injinan a kansa, a buɗe akwatin lantarki a ɗauki hoto. A rubuta halin da kowane abu yake ciki, ku biyu ku sa hannu. In babu wannan takarda, duk tsohuwar lalacewar da ka gada za ta koma wuyanka, kwayil ɗin da ya jima yana ɗumi ya ƙone a wata na biyu a ce sakacinka ne.

Daga nan sai farashi, kuma a nan jari ya fi nutsewa. Kada ka yarda da dunƙulallen kuɗi ɗaya da ya haɗa komai. Kulawar yau da kullum, wato zagaye, share raga, gwajin inji, canza mai da rubuta rahoto, ita ce za ka iya yanke wa tsayayyen kuɗi na wata-wata, don ka san yawanta. Babban gyara da sauya inji su zama da farashinsu daban, a yi su da izini a rubuce. Kiran gaggawa ma a biya shi bisa awa. Ka karanta da kyau inda aka rubuta lokacin da dole ka isa tasha bayan ƙararrawa ta kaɗa, da tarar da ke kai in ka makara. Kanikawa biyu ba za su iya zama a tasha huɗu a dare ɗaya ba, hanyar da za su bi ma tana iya kasancewa cike da ruwa. Tunda shekara 3 ce, ka nemi a sa sharaɗin duba farashi in dizal da kayan gyara sun tashi.

Batun sa ido ba fanninka ba ne, kada ka ji kunyar faɗa. Na'urori ne da ke auna tsayin ruwa da yanayin inji, su turo saƙo waya ko kwamfuta. Ka haɗa kai da wanda ya ƙware a kansu, ku rubuta rabon aiki da na kuɗi tun farko, a kuma fayyace wa zai biya kuɗin layi, wa zai ɗaga waya da ƙarfe 2 na dare.

Sai ƙarfin aljihu. Yawanci za a nemi takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, kuma bayan ka yi aiki ka miƙa takardar biya ake fitar da kuɗi, wani lokaci a riƙe wani kaso har ƙarshe. Ka tambayi waɗanda suka taɓa yi wa hukumar aiki tsawon lokacin da suke jira. In ba za ka iya ɗaukar albashi da mai na watanni ba tare da ka taɓa uwar kuɗin shago ba, ka nemi kafin alƙalami, ko ka shiga ƙarƙashin babban ɗan kwangila kana kawo kaya da gyara a zagayen farko.

Don Allah, Alhaji, kada ka yi rowa a kan rayukan yaranka. Ramukan nan suna tara iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya, in ta yi yawa kuma hanci ya daina jin warinta. Kada kowa ya sauka sai an auna iskar da na'ura, an hura sabuwa, an kashe wutar inji an kulle makunnin, yana ɗaure da igiya, wani kuma yana tsaye a sama. Kuɗin waɗannan kaya da na inshorar ma'aikata ka sa su cikin farashinka tun daga layin farko, ko da hakan zai sa wani ya fi ka araha.