Filin Maharba: Tsohuwar Bindiga Mai Baki Ɗaya

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan bindiga mai baki ɗaya suka zo, irin wadda ake karyawa a zura harsashi guda. Ga waɗanda muka tsamo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bindigar da mahaifinmu ya bari an rubuta Simplex da Saint-Étienne a jikinta, a ƙarƙashin bututun kuma akwai lamba 65. Harsashin da nake samu 12/70 ne. Yana shiga sumul, bindigar ta rufu, amma in na harba sai ta nemi ɓalle mini kafaɗa, bakin kwanson kuma ya fito a yayyage. Tsufa ne? Daga mai karatu a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ba tsufa ba ne, malam. Abincin da ba nata ba kake ɗura mata, kuma ka dakata tun ba ta yi maka ɓarna ba.

Simplex ƙirar kamfanin Manufrance ce na Faransa, tun 1908 aka fara yin ta, ta kuma bazu a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Lambar 65 ɗin nan tsawon ɗakin harsashi ce, milimita 65, wato inci biyu da rabi a awon Ingila. A 12/70 kuma, 12 lambar faɗin ramin bututu ce, 70 tsawon harsashi. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, tsawon da ake rubutawa a jikin harsashi tsawonsa ne bayan an harba, bakinsa ya buɗe. Na 70 da ba a harba ba, bakinsa a naɗe, wajen milimita 60 ne kawai, shi ya sa yake shigewa ba gardama. Sai an ja kunama rigimar take tashi. A gaban ɗakin harsashi akwai wurin da ramin ke tsukewa kamar mazurari kafin ya zama bututu. Bakin kwanson 70 ba shi da filin da zai miƙe, sai ya buɗe a cikin mazurarin nan, ya ƙara tsuke ƙofar da dalma da toshiyarta za su bi. Matsin wutar albarushi ya ƙaru ke nan, ga shi dama yawancin harsasan 70 sun fi na 65 nauyin dalma. Yayyagewar da kake gani shaidar hakan ce. Bindigar kan jure na ɗan lokaci, amma kowane harbi yana cin mahaɗarta, yana sassauta ta.

Ka nemi harsashi 12/65. Wasu kamfanoni na yin na 67 da suka rubuta a kwali cewa ya dace da ɗakin 65, shi ma ba laifi. Dalmarsa kada ta wuce giram 28. Idan wani ya ce kawo ya rarake maka ɗakin ya koma 70, ka ce masa ka gode: ƙarfe zai ɗebe daga daidai wurin da matsi ya fi yawa, ba tare da ya auna kaurin da ya rage ba.

Wanda tasa ba ta da lamba kuma, ya zura siririyar rula ta ƙarfe ta gindin bututu, a manne da bango, har ta ci karo da farkon tsukewar, ya karanta. Tsofaffin bindigogin Amurka masu lamba 16 da yawa ɗakinsu inci 2 9/16 ne, su ma 65 ke nan.

TAMBAYA: An yi mini tallar wata tsohuwa mai lamba 12, an aiko mini da hotonta ta WhatsApp, tana ƙyalli. Me zan duba? Daga wani manomi a Toro.

AMSA: Da farko dai ba a cinikin biri a sama. Ƙyalli kuwa fenti ne da man goge katako, ba ya gaya maka komai game da ƙarfe.

Ka san asalin irin waɗannan bindigogi. Winchester 37 da aka yi fiye da miliyan ɗaya tsakanin 1936 da 1963, da Topper ta Harrington & Richardson, da Champion ta Iver Johnson, da IZh-18 ta Baikal daga Rasha, duk bindigogin manoma ne masu araha. An yi su da ƙwari, amma an ci moriyarsu ba tausayi, kuma gyaran wadda ta lalace yakan fi kuɗinta.

In ka riƙe ta, karya ta ka tabbatar babu komai a ciki. Sannan ka cire katakon gaba, domin shi ke ɓoye sassauci. Rufe ta, ka kama ta a wuyan gindi, ka girgiza hagu da dama. In ka ji ƙwas-ƙwas, mahaɗa ta cinye. Ɗaga ta saitin rana ka dubi inda gindin bututu ya haɗu da fuskar ƙarfen baya: haske bai kamata ya ratsa ba. Ka kuma leƙa ƙugiyar da ke ƙarƙashin bututu, wadda ke juyawa a kan ƙusar mahaɗa. Idan ka ga tabon duka ƙanana-ƙanana a gefenta, wani ya daddoka ta ne da guduma don ta matse na kwana biyu. Bayan kwali ɗaya na harsashi za ta koma gidan jiya. Gyaran gaskiya shi ne a sauya ƙusar ko a cike ƙugiyar a sake dace ta.

Sai bututu. Goge cikinsa ƙal da tsumma, don mai da ƙura kan rufe ramukan tsatsa. Leƙa ta duka bakin biyu. Ɗan dishi-dishi ba ya hana aiki, amma rami mai zurfi, musamman a tafin hannu biyu na farko daga ɗakin harsashi, dalili ne na fasa ciniki. Zobe mai duhu a ciki alamar kumburi ce, an taɓa harba ta da wani abu a toshe. Shafa yatsu a bayan bututun daga gindi zuwa baki, yatsa kan ji lotsawar da ido bai gani ba. Ƙwararre na iya tayar da lotsawa, kumburi kuwa sai haƙuri. Bututun da cikinsa ke sheƙi kamar madubi alhali jikin bindigar duk ya tsufa, shi ma abin tuhuma ne, wataƙila an kankare shi har ya yi siriri. Masu wannan sana'a a Ingila ba sa amincewa da bangon da bai kai inci 0.020 ba, wajen rabin milimita.

Na ƙarshe, 'yar gudumar da ake ɗanawa da babban yatsa. Ɗana ta, bindiga ba harsashi, ka tura ta gaba da ƙarfi ba tare da ka taɓa kunama ba. In ta faɗa, haƙorin da ke riƙe ta ya cinye ko an goge shi da zarto, kuma irin wannan ita ke tashi da kanta in an yi tuntuɓe. Ajiye ta ka kama gabanka.

TAMBAYA: Bututun tawa yana da zane a murɗe kamar igiya, an kuma buga ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Ado ne? Daga mai karatu a Kumasi.

AMSA: Ba ado ba ne, yadda aka ƙera shi ne. A da, maƙera kan murɗa sandunan baƙin ƙarfe da na tama mai tauri, su nannaɗe su a jikin sanda, su yi ta duka a wuta har su haɗe su zama bututu. Damaskas ake ce masa. Kowane layi da kake gani mahaɗa ce, kuma tsatsa kan bi ta cikin mahaɗun inda ido ba ya kaiwa. An yi shi ne don baƙin albarushi, irin mai hayaƙi, ba don na zamani ba.

ELG hatimin gidan gwajin bindigogi ne na Liège a Beljiyam. Shi kaɗai yana nufin gwajin baƙin albarushi. In an gwada ta da na zamani za ka ga hoton zaki a kan haruffan PV. A Ingila, inda gidan gwaji na Birmingham ke aiki tun 1813, abin nema shi ne kambi a kan NP ko BNP, ko a rubuta NITRO PROOF. Na Saint-Étienne kuwa kambi ne a kan PT. Amurka ba ta da gidan gwaji na gwamnati, don haka rashin hatimi a jikin tata ba aibi ba ne. Duk hatiman nan a ƙarƙashin gindin bututu suke, sai an cire katakon gaba. Ka kuma tuna hatimi shaidar ranar da aka yi gwajin ce, ba ta yau ba.

Taka dai, a ganinmu, ta gama aikinta. Shafa mata mai, ka ajiye ta abin tarihi.

TAMBAYA: Me ya sa mai baki ɗaya ta fi mai baki biyu dukan kafaɗa? Kuma in fakara ta tashi kusa da ni, ko in kuskure ta ko in ragargaza ta. Daga wani maharbi a Birnin Kudu.

AMSA: Rashin nauyi ne. Maƙerin nan na Birmingham, W. W. Greener, ya bar ƙa'ida cewa bindiga ta ninka nauyin dalmar da take harbawa sau 96. Giram 28 na son bindiga mai kilo 2.7, giram 32 na son kilo 3 da ɗoriya, giram 36 kuwa kusan kilo 3 da rabi. Yawancin masu baki ɗaya a kilo 2.7 suke, mu kuma mun fi son harsashin da ya fi ƙara. Koma giram 28, ko ma 24, ka manna gindin sosai a lungun kafaɗa, kumatu a kan katako. Tsofaffin da gindinsu ya sunkuya ƙasa da yawa kan mari kunci, su kuma kai harbi ƙasa da inda aka nufa. Ɗaura fata mai ɗan kauri a inda kumatu ke sauka yana rage duka biyun.

Batun fakara kuwa, bakin bututun ne. Kusan duk tsofaffin nan an tsuke bakinsu matuƙa, wajen milimita ɗaya a mai lamba 12, don harbin nesa. A yadi 10 dalmar ba ta bazu fiye da faifai ba, inci 9 ko makamancin haka. A yadi 20 wajen inci 16, sai a yadi 40 take kai inci 40. Don haka ka bar tsuntsuwar ta yi nisan yadi 25 zuwa 35 kafin ka saki. Kana iya gwada taka: kafa faffaɗan kwali a yadi 40, inda babu mutum ko dabba a baya, ka harba, ka zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda huda ta fi yawa, ka ƙirga. Kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin a ciki, baki ne mai cikakkiyar tsukewa. Kashi 40, ba tsukewa ko kaɗan. A girman ƙwayoyin dalma, lamba 5 ko 6 ta wadatar ga zabon daji da fakara, lamba 7 ga hasbiya da kurciya. Harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe a madadin dalma kada ya kusanci irin wannan baki, ƙarfe ba ya lotsuwa, kumbura bututun zai yi.

TAMBAYA: In na rasa na 12, zan iya lallaɓawa da na 20? Daga wani ɗalibi a Garwa.

AMSA: Ko kusa. Na 20 ya fi na 12 siriri, zamewa yake ya wuce ɗakin harsashi ya maƙale a mazurari. Ka ga ɗaki wayam, ka zura na 12 a bayansa, bututu ya tsage daidai inda hannunka na hagu yake. Saboda haka ne ake yin kwanson 20 ruwan ɗorawa. Kada su haɗu a aljihu ɗaya.

TAMBAYA: Wani sa'in sai ta ce ƙyas, ba ta tashi ba. Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Kada ka karya ta nan take. Bar bakinta a inda ba kowa, ka ƙirga daƙiƙa 30, don harsashin da ya sha danshi kan yi jinkirin kamawa. Sannan ka fitar ka dubi 'yar cibiyar gindinsa. In an dake ta da zurfi, laifin harsashi ne. In ɗan tabo ne sama-sama, ko allurar ta guntule, ko busasshen mai da ƙurar hunturu sun daskare a raminta, ko sifirin ɗin guduma ya saki, ko kuma bindigar ta yi sassaucin da harsashi ke gudun allura. Lafiyayyar allura kan leƙo fiye da milimita ɗaya kaɗan, kanta a mulmule. Mai tsini huda cibiyar take, wuta ta dawo baya. Yawan ɗanawa a saki ba harsashi shi ke karya ta, in za ka gwada ka sa kwanson da aka riga aka harba.

Idan kuma ta tashi da 'yar ƙara ba kamar kullum ba, leƙa bututun kafin ka sake zurawa, toshiya na iya tsayawa a tsakiya. Haka nan duk bindigar da ta yi makonni a jingine a lungu: zanzaro na son ramin bututu, kuma gidansa na laka ya isa ya kumbura ƙarfe. Wajen ajiya, mai kaɗan a tsumma ya wadatar, a kuma jingine ta baki ƙasa. In baki na sama, man gangarowa yake ya jiƙa wuyan katako, ya yi baƙi, ya yi laushi, daga nan sai tsagewa. Harsashi a ajiye shi daban, a kulle, inda yara ba sa kaiwa.

TAMBAYA: Lasisin kakanmu yana nan a cikin akwati. Ya isar mini? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Bai isar ba, lasisi na mutum ne, ba a gadonsa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi uku: waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, da na amfanin kai da ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, da irin su bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mai baki ɗaya tana kashi na biyu. Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ta kuma hana guntule bututu ƙasa da inci 20. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka ka bar bindigar a gida a kulle, ka ɗauki tsohuwar takardar da lambar da ke jikin ƙarfen ka je hedikwatar 'yan sanda ta Kaduna su faɗa maka yadda za a yi da ita.