Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan mitin ɗin yaronta

'Yar uwa wallahi tun jiya da na ga tambayarki zuciyata ba ta kwanta ba, kamar ni na rubuta. Kin ce wata 6 kenan da aka haɗa wa yaronki tawagar Wraparound, wato tsarin nan na Amurka da ake haɗa iyali da ma'aikata su tsara yadda za a taimaki yaro mai matsalar ɗabi'a ko ƙwaƙwalwa, kullum mitin amma kin kasa gane ko abin na aiki, har maigida ya fara zancen a maida shi gida wurin kakarsa. Nawa yana da shekara 12 lokacin da muka shiga wannan halin, a Bronx muke cikin birnin New York.

Matar farko da aka ba mu a matsayin mai haɗa kan tawagar, har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Da takarda ta zo an riga an rubuta komai, sa hannu kawai take so. Lokacin Turancina bai nuna ba, sai ta ce yaron ya yi min tafinta, wato shi da bakinsa zai fassara min cewa an rubuta shi mai tashin hankali ne, haɗari ne ga ƙannensa. Ina kallon fuskarsa yana faɗa yana haɗiye miyau. A daren nan ya naushi gilashin taga, jini har bango, ƙannensa sun shige ƙarƙashin gado, babansu yana can yana tuƙin tasi, ni ina ta kiran lambar da ta rubuta a takardar gaggawa ba wanda ya ɗauka, maƙwabciya ce ta kira 911, 'yan sanda suka hau bene suka fita da shi ba ko takalmi yana kiran Umma Umma. Washegari matar nan ta turo saƙo wai ba mu bi shirin ba. Wane shirin? Wanda ban san me ke ciki ba?

To dan Allah abu na farko, kar ki taɓa yarda yaro ya yi tafinta, haƙƙinki ne su kawo mai fassara kuma ba ke za ki biya ba. Kuma ana iya canza mai haɗa tawagar, ni sai bayan wata huɗu na sani, shugabarsu na kira aka ba mu wata.

Batun ko yana aiki, ki daina ƙirga mitin. Ni littafi na saya na fara rubutawa, kwana nawa ya je makaranta a sati, sau nawa aka kira ni in zo in ɗauke shi, dare nawa ya yi barci, ya ci abinci da mu ko a ɗaki ya kulle kansa. In aka zauna sai in buɗe a gabansu. Nan na gane wata biyu ba abin da ya motsa, suma dole suka canza dabara. Akwai kuma fom ɗin nan CANS da suke cikewa don auna buƙatun yaro da ƙarfinsa, kowace matsala ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, wadda ta samu 2 ko 3 ita ce ya kamata a ga aiki a kanta cikin shirin. Ki ce su ba ki na farko da na yanzu ki jera. In ukun tana nan a uku bayan wata 6 ki tambaya dalili, kar ki ji kunya, kunyar nan tamu ce ta cuce ni.

Sannan su wa ke zama a teburin? In duk ma'aikata ne ke kaɗai ce ta gida, tsarin bai cika ba, don a ƙa'idarsa iyali ke zaɓar abin da za a sa gaba, kuma ana so a shigo da mutanenku. Ni na kawo ƙanin babansa da malaminsu na Islamiyya, ranar ne karo na farko da wani ya faɗi alherin yaron a mitin, cewa ya haddace izu biyar kuma shi ke gyara kekunan yaran gidanmu. Da keken nan aka fara jawo shi. Addu'a da tofi ban daina ba, magani ma ban daina ba, masu cewa aljanu ne kawai ki bar su, ba su suka goge jinin ba.

Ki tabbata mutanen makaranta na zuwa, in yana da IEP, wato shirin karatu na musamman da makaranta ke rubuta wa yaro mai buƙata, kar ya zama su na nasu likita na nasa. Maida shi gida kuwa, gaskiya ni ban so, kaka mai shekara 70 ya za ta yi da abin da ya gagare ku ku biyu, shi kuma zai ɗauka yar da shi aka yi. Ki ajiye 988 a wayarki, lambar agajin gaggawa ce ta matsalar ƙwaƙwalwa, dare da rana ana ɗauka, kuma yau ki gwada lambar da ke takardar gaggawarku ki ji ko akwai mai amsawa. Wace jiha kuke ma? Ki yi min magana ta inbos in turo miki hoton yadda na tsara littafin nawa.